Cire baƙin rinin bututun bindigar farauta: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan damina ta ja baya, maharba da 'yan bindigar hawan salla a Bauchi suka fito da kayansu, maganar tsatsa ce ke fara tasowa. Bututu ya yi dabbare-dabbare, nan baƙi, can ja, can kuma fari fat inda hannu ke yawan kamawa. Sai mutum ya ce bari ya kankare baƙin gaba ɗaya ya huta. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki, daga masu bindigar gado har yaran maƙera, na amsa su a nan. Maganar duk a kan bindigar farauta ce mai lasisi da adakar gargajiya wadda hukuma ta san da zamanta.

Wannan baƙin da ke jikin bututu, fenti ne?

A yawancin bindigogin farauta ba fenti ba ne, fatar ƙarfen ce da kanta aka sauya wa kama. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja, wadda kowa ya sani: tana kumbura, tana ɓarewa, tana buɗe wa laima hanya ta ƙara cin ƙarfen da ke ƙasa. Akwai kuma baƙa, wadda masana ke kira magnetayit, ita kuwa manne wa ƙarfe take yi lif, ba ta kumbura. Abin da masu ƙera bindiga ke yi shi ne su sa wa bututun baƙar tsatsa da gangan domin ta tare wa jar wuri. A manyan masana'antu ana tsoma shi cikin tafasasshen ruwan soda mai ƙuna, irin ta masu haɗa sabulu, da gishirin naitret, a zafin da ya kai kusan digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya fito sai ka gan shi baƙi wuluk mai ɗan shuɗi-shuɗi.

Rinin nan siriri ne ƙwarai. Kaurinsa bai cika wuce maikiron 2 ko 3 ba, alhali silin gashin kai ɗaya yakan kai maikiron 70. Shi kaɗai ba ya iya tare ruwa sosai. Ƙarfinsa yana wajen riƙe mai: yana shan man da aka shafa masa ya ajiye, man ne ke korar laima. Rinin da ya bushe babu mai, rabin aikinsa ya tafi.

Me ya sa nawa ya koɗe alhali ban taɓa goge shi da komai ba?

Zufa ce ta farko, saboda gishirin da ke cikinta. Dubi inda ya fara fari, za ka ga wurin da tafin hannu ke zama ne ko inda bututun ke gugar kafaɗa. Jinin dabba ya fi zufa saurin ɓarna. Idan ya ɗiga ya kwana ba a goge ba, da safe za ka tarar da tabonsa. Sai ajiya: bindigar da aka naɗe cikin buhu ko tsumma ko gidan fata aka tura ƙarƙashin gado tun Yuni, aka manta da ita har Oktoba, ta sha laimar Agusta kaf, domin tsumma da fata suna riƙe danshi su manna shi a jikin ƙarfe. Jingina ta a bangon ɗakin ƙasa ma haka ne.

Dole ne sai na cire baƙin duka kafin in kawar da tsatsar?

Ba dole ba ne, kuma mafi yawan masu wannan tambaya ba sa bukatar cirewa. Nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai, domin cire rini aikin awa ɗaya ne, mayar da shi kuwa aikin kwanaki ne, wani lokaci ma babu mai iya mayar da shi kamar yadda yake.

Idan tsatsar ta sama-sama ce, wadda ka shafa yatsa ka ji ɗan kaushi amma farce bai faɗa rami ba, jiƙa wurin da kananzir ko mai marar kauri, ka bar shi ya kwana. Washegari ka samu soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ka tsoma a mai ka riƙa shafawa a hankali ta tsawon bututun, kana goge jan ruwan da tsumma mai tsabta a kai a kai, saboda ƙurar tsatsar da kanta tana karce rini. Inda ta yi tauri, bugi guntun wayar jan ƙarfe ta baje, ka kankare da ita. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen bututu taushi, yana ɗauke tsatsa ya bar baƙin. Ɗan jan layin da zai bari yana fita da mai. Soson waya na wanke tukunya bai dace da wannan ba, yana barin zane.

Cirewa gaba ɗaya tana da hujja ne a wuri uku: idan rinin ya tafi fiye da rabi kuma tsatsa ta bazu ko'ina, idan wani ya taɓa shafa masa rini na kwalba, wanda ake shafawa a sanyi, ya fito kala-kala, ko idan an riga an shirya sake rina shi ko fesa masa fenti. In ba haka ba, a bar shi. Tsohuwar bindigar da uba ya bar wa ɗa, a garin da ake cewa sunansa ma daga maharbi Baushe ya samo asali, koɗewar da ke jikinta tarihin hannun mai ita ce. Masu sanin darajar tsofaffin bindigogi a ko'ina sun fi daraja wadda ke da rininta na asali ko da ya tsufa, a kan wadda aka goge ta yi ƙyalli.

Yaya zan tabbatar rini ne a jikin tawa ba wani abu ba?

Ɗiga tina a tsumma ka goga a wurin da ba a gani, ƙarƙashin katakon gaba. Idan baƙi ya biyo tsumman ko wurin ya yi danƙo, fenti ne, maganin cire fenti yake so, ruwan tsamin da ake cire rini da shi ba zai yi masa komai ba. Idan launin toka-toka ne marar sheƙi mai ɗan kaushi, wannan rufin fosfet ne irin na bindigogin soja, ya fi rini kauri da wuyar fita. Sannan ka ɗora maganaɗisu a kowane sashe. Bindigogi da yawa na zamani bututunsu ƙarfe ne amma gidan kunama alminiyam ne. Maganaɗisu ba ya kama shi, baƙinsa kuma wani aiki ne daban na lantarki. Kada ka haɗa shi da bututu a wanka ɗaya.

Doka ta yarda mutum ya yi wannan aiki da kansa?

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta ɗora lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na adaka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta kuma hana ƙera bindiga ko buɗe sana'ar gyaranta sai da izini. Goge tsatsa da shafa mai kula da kaya ne da ake so kowane mai lasisi ya yi. Amma aikin da zai sauya kamannin bindiga, ko karɓar ta wani ka yi masa, shawarata ita ce a fara zuwa ofishin da ya ba da lasisin a tambaya, a kuma kai aikin ga mai izini. Wanda ya gaji bindiga ya sani lasisin mamaci ba ya bin gado. A je a daidaita takarda kafin a yi maganar tsatsa. Lasisin bindiga kuma ba izinin shiga Yankari ba ne, dajin da aka keɓe tun 1956.

Na yanke shawarar cirewa. Da me zan fara?

Da tabbatar da babu komai a cikinta. Karya ta, wato buɗe ta inda ake sa harsashi, duba da ido, sa yatsa. Fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya.

Sannan ka raba bututun da sauran jiki. Katako ba ya shiga ruwan tsami, sifirin da kunama da ƙananan kusoshi ma ba sa shiga. Tsami yana sa ƙarfen sifirin ya yi gautsi, wata rana ya karye ba gargaɗi. Idan gidan kunama yana da wasu launuka masu kama da bakan gizo, shuɗi da ruwan ƙasa da toka a cakuɗe, wannan launin gashin wuta ne na masana'anta, da zarar tsami ya taɓa shi ya tafi ke nan. Kafin komai ɗauki hoton lambar bindigar da hatiman da ke gindin bututu.

Wanke mai da giris tas da omo da ruwan ɗumi, ka bi da tina ko sifirit. Duk inda maiƙo ya saura tsami ba zai kama ba, rinin zai fita rabi da rabi. Daga nan sai safar hannu, domin yatsa ma maiƙo gare shi.

Abu na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa: cikin bututu. Shafe shi da giris, ka fiƙe ice mai taushi ko roba ka toshe baki da gindi gam. Ciki shi ne hanyar harbi, ba a so tsami ya ci shi ko kaɗan. Wasu bindigogin, kamar da yawa daga cikin Baikal na Rasha da suka yi yawa a hannun maharbanmu, cikinsu na da rufin kuram mai sheƙi, amma ko su a toshe, domin tsami na iya shiga ta inda rufin ya ɓare.

Wace hanya ce mafi sauƙi kuma marar haɗari?

Farin khal na girki, wanda tsaminsa ke kusan kashi 5 cikin ɗari. Ana samunsa a shagunan kayan kek da manyan kantuna, da wajen masu kayan haɗi a kasuwar Wunti da Muda Lawal. Tunda rini tsatsa ce, duk abin da ke narka tsatsa yana narka shi, khal kuwa yana yi a hankali yadda za ka iya tsayar da aikin lokacin da kake so.

Sayi fayif ɗin roba na masu aikin famfo wanda ya fi bututun tsawo. Bututun bindigar farauta yawanci inci 28 ne zuwa 30, don haka mita ɗaya ta isa. Toshe ƙasansa da murfi, ɗaure shi a tsaye, zira bututun da igiya, ka cika da khal har ya nutse duka. Wannan nutsewa duka tana da muhimmanci. Idan wani sashe ya leƙo waje, daidai bakin ruwan za a sami layi da ya zagaye ƙarfen, ya ci ciki, kuma fitar da shi sai da sanfefa mai yawa.

In babu fayif, naɗe bututun da tsofaffin tsummoki farare ka jiƙa su sharkaf, kana ƙara jiƙawa kada su bushe, kana kuma juya su domin kada saƙar tsumman ta fito a jikin ƙarfe.

Bayan minti 15 ciro ka goga da tsumma ko soso mai laushi. Za ka ga baƙin na narkewa yana barin ƙarfe mai launin toka. Inda bai fita ba, mayar, ka sake dubawa bayan wasu minti 15. Rinin kwalba yana fita nan da nan, na masana'anta mai kyau yakan ɗauki kusan awa ɗaya ko fiye. A zafin Maris da Afrilu aikin ya fi sauri, a sanyin Disamba ya fi jinkiri. Kada ka bar shi ya kwana a ciki da sunan ya fita da kyau. Idan rini ya ƙare, ƙarfen tsamin zai koma ci, ya bar shi da kaushi kamar an barbaɗa masa gari.

Lemon tsami ko tsamiya fa? Wani ya ce Coca-Cola ma na yi.

Duk suna yi. Lemon tsami na da sinadarin sitirik, kuma garinsa da masu zoɓo da lemon kwalba ke saya ya fi matsa 'ya'yan sauƙi: cokali uku ko huɗu a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a bi tsarin khal. Tsamiya na da tsamin tatarik, shi ya sa mata ke goge kayan tagulla da ita, amma tana da zaƙi da danƙo, tana manne a wani wuri fiye da wani, aikin ya fito ba daidai ba. Coca-Cola ɗan sinadarin fosforik ne a cikinta, kaɗan ne ƙwarai, ga sukari. Asarar kuɗi ce.

Akwai magungunan da aka yi musamman domin wannan, kamar na kamfanin Birchwood Casey mai cire rini da tsatsa, da Evapo-Rust wanda ba ya cin lafiyayyen ƙarfe da sauri. Idan ka same su, to. Masu fosforik suna barin wani farin toka a jikin ƙarfe wanda sai an goge shi kafin sabon rini ya kama.

Ruwan batir ya fi sauri, me zai hana?

Saurinsa ne illarsa. Ruwan batir sinadarin salfiyurik ne, maganin wanke bayi irin su Harpic kuma haidirokulorik ke cikin mai ƙarfinsa. Suna ɗauke rini cikin daƙiƙoƙi, su wuce cikin ƙarfen kafin ka ɗauko ruwan ɗauraya. Suna shiga cikin haruffa da ramukan kusoshi su ɓuya, bayan mako ka ga tsatsa na tsirowa daga can. Suna kuma cusa wa ƙarfe iskar haidirojin da ke sa shi gautsi, abin da ba a so ga ƙarfen da ke ɗaukar fashewar albarushi dab da fuskar mutum. Tururin haidirokulorik kaɗai ya isa ya sa duk kayan ƙarfen da ke ɗakin su yi ja. Ga ƙunar fata da ido. Kuma don Allah kada wani ya haɗa kowane irin tsami, har khal, da Hypo. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Sanfefa ko injin gurza ƙarfe ba za su fi ba?

Injin gurza ƙarfe na masu walda, a'a, ko kusa. Bangon bututun bindigar farauta a wurin da ya fi siranta bai kai milimita ɗaya ba. Injin yana cin ƙarfe a wuri ɗaya, ya bar kwari da tudu, ya zafafa wurin, ya shafe rubutu. Ko burushin waya na inji yana zagaye kusurwoyi yana dusashe hatimi.

Sanfefa tana da wurinta, amma bayan tsami ya gama nasa. Fara da mai lamba 320, ka koma 400. Naɗe ta a jikin guntun katako mai faɗi ko roba mai tauri maimakon yatsa, domin yatsa yana bin rami ya ƙara masa zurfi. Ja ta bi tsawon bututun daga gindi zuwa baki. Ga wanda zai yi rini na tsatsa a gida, wanda bayaninsa ke tafe a gaba, 320 ko 400 ta isa. Idan ƙarfe ya yi santsi kamar madubi maganin sa tsatsa ba ya samun wurin kamawa. A wajen rubutu da lamba, sassauta hannu ƙwarai, ko ka tsallake su.

Ina gama ɗauraya sai ya yi ja a gabana. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba. Ƙarfen da aka tuɓe da tsami ba shi da kariya ko ɗaya, yana iya yin ja cikin mintoci. Maganinsa shi ne ka shirya komai kafin ka ciro shi. Ɗauraye da ruwa mai yawa, ka tsoma cikin ruwan bekin soda, cokali biyu ko uku a lita, na 'yan mintoci domin ya kashe sauran tsamin. In babu, kanwa na yi: jiƙa ta, tace yashin, ka yi amfani da ruwan. Sai dai kanwa na ɗauke da gishiri, don haka a sake ɗauraya sosai. Daga ƙarshe kwarara masa tafasasshen ruwa daga buta. Ƙarfen zai ɗauki zafi ya busar da kansa har cikin lunguna. Cire matosai, duba ciki, goge.

Daga nan hanya biyu ce. Idan yau za ka fara sabon rini, wuce kai tsaye ba tare da mai ba. Idan sai gobe ko jibi, shafe shi da mai nan take, ka san za ka sake wanke man kafin rini. Ɗan jan da ya riga ya fito yana tafiya da soso mai laushi.

Tawa mai baki biyu ce. Akwai bambanci?

Akwai, kuma babba. Bututu biyun da siririn ƙarfen da ke kwance tsakaninsu sama da ƙasa, a bindigogi da yawa, musamman tsofaffi, da dalma aka haɗa su. Tsakanin akwai rami mai tsawo. Idan haɗin ya ɗan buɗe a wani wuri, ruwan tsami zai shiga ramin ya zauna, ba ka ganinsa, ba ka iya wanke shi, ya riƙa cin bangon bututu daga inda ido ba ya kaiwa. Gwada kafin ka fara: rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa shi da farce ko ɗan ice. Mai lafiya yana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki yana ƙara a dakushe. Ko mai lafiyar ma na fi son a shafa masa khal da tsumma sashe-sashe maimakon a nutsar da shi. Kuma irin wannan bututu ba ya shiga tafasasshen ruwan soda, domin sodar na cinye dalma. Shi ya sa masu ƙera bindiga mai baki biyu a Ingila da sauran wurare suka riƙe tsohuwar hanyar rini da tsatsa.

Adaka fa, irin ta hawan salla?

Farko, a tabbatar ba a ɗure take ba, domin ba a karya ta a gani. Zira sandar ɗuri har ta tsaya, yi alama a bakin bututu, ciro ka auna ta waje. Idan ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki, kuma albarushi na iya shekaru bai mutu ba. Kada a kai ta kusa da wuta ko walda.

Yawancin adaka ba su da rinin masana'anta. Abin da ke jikinsu baƙin maƙera ne ko fenti ko tsohuwar tsatsa mai ruwan ƙasa da mai ya shiga ta zauna, wadda ita ma kariya ce, ban ga dalilin cire ta ba. Matsalar adaka tana ciki. Tokar albarushi na jan laima tana cin ƙarfe, don haka duk ranar da aka harba, ko ta hawan daushe ce an dawo a gajiye, a wanke cikin da ruwan zafi, a busar, a sa mai. Adakar da cikinta ya ci, gyaran fatar waje ba ya mayar da ita abin harbawa.

Bayan na cire sai na ga ƙananan ramuka. In goge har su ɓace?

Kada ka bi rami da sanfefa. Kafin ka kai ƙasansa ka rage kaurin duk wurin da ke kewaye. Ƙananan da ba su wuce tsinin allura ba, a tsabtace cikinsu da burushin tagulla a bar su, rini zai shiga ya rufe. Idan rami ya yi zurfin da farce ke maƙalewa, musamman a kusa da gindi inda ƙarfin fashewa ya fi yawa, ko ka ga kumburi ko tsaga, ajiye bindigar har wanda ya san aikin ya auna kaurin bangon. Cike ramin bututu da walda ko dalma ɓoye haɗari ne.

Lambar bindigar za ta goge?

Khal ba ya goge ta, domin buga ta aka yi cikin ƙarfe. Sanfefa da inji ne ke gogewa. Lambar ita ce ke haɗa bindigar da lasisinka. Ranar sabunta takarda ko a shingen bincike, lamba da ta dusashe za ta jawo maka tambayoyin da ba ka da amsarsu. Hatiman gwaji da ke gindin bututu su ma a kiyaye su, su ne ke faɗin girman harsashin da aka gwada ta da shi.

Yaya ake mayar da baƙin?

Rinin tafasasshen soda aikin masana'anta ne. Ruwan da ke tafasa a digiri 140 yana fallatsa idan ɗigon ruwa ya faɗa masa, yana makantarwa. Ba na tsakar gida ba ne.

Rinin kwalba, wanda ake shafawa a sanyi, shi ne mafi sauƙi. Sinadarin seleniyam ke cikinsa, guba ne, a sa safar hannu a ɓoye shi daga yara. Yana da kyau wajen rufe ƙaramin karce. A kan bututu sukutum yakan fito da ɗigo-ɗigo, kuma ba ya jure guga.

Wanda na fi amincewa da shi ga mai haƙuri shi ne rini da tsatsa. Ana wanke maiƙo tas, a shafa maganin sa tsatsa siriri, a rataye bututun a wuri mai danshi har ya yi jar tsatsa mai laushi ko'ina daidai. Sai a tafasa shi cikin ruwa mai tsabta kamar minti 15 zuwa 20. Tafasar ce ke juya jar tsatsa ta koma baƙa. A ciro, a goge ƙurar saman da soso 0000 wanda aka wanke wa mai, a sake shafa magani. Ana maimaitawa sau biyar zuwa goma, kowane zagaye baƙin na ƙara zurfi. A ƙarshe a jiƙa shi da mai ya kwana. Ana sayar da maganin a kwalba, wasu kuma suna haɗa nasu da haidirojin feroksaid na kemis da khal da gishiri. Ruwan tafasar ya zama na sama da aka tara a roba mai tsabta, ko tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, marar sinadari. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da ma'adinai masu barin tabo. Maƙeri ko mai walda zai iya lanƙwasa maka doguwar tasa ta ƙarfe da za ta ɗauki bututun a kan murhu biyu.

Fenti ma hanya ce. Na feshi irin na mota a kan fentin share fage mai kyau yana tare ruwa fiye da rini, sai dai yana ɓarewa, tsatsa kuma na iya tafiya a ƙarƙashinsa ba a sani ba.

Maƙerin unguwarmu yana gasa ƙarfe ya tsoma a baƙin mai ya yi baƙi. In kai masa?

Ga fartanya da ƙofa da wuƙar aiki, hanya ce mai kyau, maƙera sun daɗe da ita. Ga bututun bindiga ba ta dace ba. Ƙarfe ba ya yin shuɗi da wuta sai ya kai kusan digiri 300, dalmar haɗi kuwa tana narkewa tun kafin 200. Wutar gawayi da zuga-zugi ba ta gasa dogon bututu daidai, wani wuri zai wuce kima, ya sauya taurin da masana'anta ta ba shi ko ya ɗan lanƙwashe. Maƙeri nagari da kansa zai faɗa maka haka.

Zan iya barinsa fari kawai?

Za ka iya, idan za ka riƙa shafa mai duk bayan taɓawa. A damina kwana biyu na sakaci sun isa. Maharbi kuma ya san farin ƙarfe na walƙiya a rana, gada ko zabon daji na hango shi daga nesa.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Idan cirewa da fenti za ka yi, rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iska ta bushe, ja ba ya saurin fitowa. Sai dai a yi feshin a ɗaki saboda ƙurar hunturu. Idan rini da tsatsa ne, damina ta fi, Yuli zuwa Satumba, domin danshin iskar Bauchi a lokacin yana sa tsatsar ta fito cikin 'yan awoyi. Mai yi a hunturu sai ya rataye bututun cikin akwati ko tsohon durom tare da kwanon ruwan ɗumi ya rufe, ya kula kada raɓa ta taru ta ɗiga a jikin ƙarfen.

Ina zan zubar da ruwan da na yi aiki da shi?

Khal ko ruwan lemon da aka tsoma bututu, zuba masa bekin soda ko ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, sannan a zubar a rami nesa da rijiya da wurin shan dabbobi. Tsummokin rinin kwalba da ragowarsa a ƙulle su a leda a kai bola, kada a ƙona su a murhun girki. Tasa da fayif da cokalin da aka yi aikin da su kada su koma kicin.